Fankar Alhaji da Tagar Ɗakina

A shekara ta uku da zuwana Kuala Lumpur, maƙwabcinmu ya ƙudura aniyar kafa injin iska a garin da iska ba ta kaɗawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Ina zaune ne a gidan 'yata a unguwar Taman Melati. Ita malamar jami'a ce, takan fita da sassafe ba ta dawowa sai yamma, ni kuwa an ba ni ɗakin ƙasa domin gwiwoyina sun daina shiri da matakala. Ɗakin ba shi da wani abin yabo. Wanda ya jera tayal ɗinsa ya fara ne daga bakin ƙofa maimakon daga tsakiya, saboda haka layin ƙarshe ya ƙare da guntaye kamar ragowar yadi a shagon tela. Amma yana da taga guda. Idan na zauna a kujerata na ɗaga ido ta saman shingenmu, na ratsa filin maƙwabci, to tsakanin kusurwar kicin ɗinsa da rufin wani gida akwai wata kafa da faɗinta bai wuce na tire ba, kuma ta cikinta ake hango dutsen da ke bayan unguwar. Ƙasar nan duk kore ce, ganye ya rufe ko'ina kamar an kifar da tukunyar miya. Wannan dutse kaɗai na gani da ya bar ƙashinsa a waje kamar duwatsun garinmu. Kowace safiya da shi nake shan shayi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, domin ba a raine mu a kan bayyana irin wannan rauni ba.

Maƙwabcin Bakano ne, kowa Alhaji yake ce masa, ni ma haka. Ya auri 'yar ƙasar, gidan ma da sunanta yake. Sana'arsa ita ce ciyar da kewar ɗalibanmu: garin tuwo, daddawa, kuka, kilishi, man shanu, duk abin da ɗalibi zai tuna da uwarsa ya buga waya a kai masa. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Aibinsa guda ne, ba ya iya ganin sabon abu a baje koli ya wuce shi.

Ya tafi ƙasar Sin ya dawo, bayan makonni kuma mota ta sauke dogayen kwalaye uku a ƙofar gidansa. Kwana biyu da haka ya yi sallama da hantsi, ƙunshin kilishi a hannu ɗaya, takardu a ɗayan. Na san kilishin da magana a bakinsa, domin wanda yakan aiko mana bai kai rabin wannan ba.

“Mama, an tashi lafiya? Ya ƙafa?”

“Ƙafa tana nan inda ka bar ta, Alhaji. Me ke cikin kwalayen?”

“Arziki ne, Mama. Injin iska.”

“Fanka ke nan.”

“A'a. Fanka wuta take sha ta ba da iska. Wannan iska yake sha ya ba da wuta.”

“To wace iskar zai sha? Shekarata uku ina shanya a garin nan, ko ɗankwali bai taɓa faɗowa daga igiya ba.”

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce ai ba don nan ya saya ba. Dillanci yake so ya kama, ya riƙa tura injunan Arewa inda iska take da yawa wuta kuma babu.

“Amma kin san mutumin Kano. Ba ya sayen abu a hoton kamfani. Ya ga bidiyo dai, ga ni tsaye a gidana a Malesiya, ga abu yana juyawa a bayana, shi ke nan lah,” in ji shi, har da ɗan ƙarin da 'yan ƙasar suke liƙa wa ƙarshen magana.

“Idan bai juya ba fa?”

“Kafin ruwan la'asar akan yi iska ta kamar minti goma. Bidiyon minti ɗaya ne.”

Da shi kaɗai ne, da tuni ya haƙa rami. Matarsa ce, wadda ta san halin mutanen ƙasarta da takarda, ta ce ba za a tona ko da ramin gyaɗa a filinta ba sai da izinin ofishin da ke kula da gine-gine. Ofishin ya ba shi sharuɗɗa, kuma ga mamakina duk masu hankali ne. Babbansu shi ne cewa tazarar gindin turken da zai ɗauki injin daga iyakar kowane maƙwabci, da kuma daga titi, kada ta gaza tsawon turken har da kan fiffikensa. Ma'ana, ranar da abin ya ga damar faɗuwa, ya faɗi a kan mai shi. Sai kuma a haɗa da zanen fili mai nuna inda za a kafa, maƙwabta su sa hannu. Ba izininmu ake nema ba, shaida ce kawai cewa an nuna mana. Ya tare 'yata a bakin mota da safe, ta ce masa ya kawo mini, aikina ne.

Ba ta yi ƙarya ba. Shekara talatin da huɗu na yi a ɗakin zane na ofishin safiyo, na fara da kwafar taswirar wasu, na ƙare ina mayar wa wasu da tasu. Kafin nan na yi makarantar mishan ta 'yan mata, inda Sista mai koyar da lissafi takan ɗaga takardar mutum ga hasken taga, idan ta ga alamar an goge layi an sake, sai ta ce Ubangiji ya riga ya ga na farkon. Ban taɓa yarda cewa Ubangiji yana da sararin duba layukan 'yan aji huɗu ba. Hannuna ne ya yarda, kuma har yau bai tuba ba.

Alhaji ya shimfiɗa zanensa a kan teburina. Da biro ya yi shi, a bayan takardar jerin kaya. Gidansa akwati ne, gidanmu ƙaramin akwati, titi layuka biyu masu rawar sanyi, injin kuma yana tsakiya kamar fure, ya fi gidan tsawo. Babu sikeli, babu kibiyar arewa, babu adadi ko ɗaya in ban da lambar wayarsa. Na tambayi tsawon turken, ya ce gaɓa uku ne, kowace ƙafa goma, ban da fukafukai.

Nan take na ga mafita, kuma mai sauƙi ce. Babu jami'in da zai karɓi wannan takarda. Za a mayar masa da ita, ya fusata na kwana biyu, ya tura kwalayen Kano, dutsena ya zauna inda yake. Abin da ake bukata daga gare ni shi ne in sa hannu in ci kilishi.

Na ɗauki alƙalami da wannan niyya. Da na duba, sai na tarar jan alƙalamin na ɗauka, kuma na riga na zagaye titin na rubuta a gefe cewa a nuna faɗinsa. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na nemi sikeli, na nemi arewa, na nemi tsawon kowane gefe na filin, na nemi a nuna kwalbatin da ta ratsa ta bayan kicin. Kafin in ɗago, jan ya fi shuɗin yawa.

“Mama, ashe jarrabawa na zo,” in ji Alhaji.

“Ka faɗi kuwa. Je ka sake.”

Da yamma na ba 'yata labari muna tsinke alayyahu. Ita ma ba ta son injin, tana tsoron ƙara. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

“Mama, me ya kai ki? Da kin bar shi ya kai kayansa an koro shi.”

“Takardar ta ce in shaida na ga zane. Ban ga zane ba.”

“To ai yanzu kin koya masa yadda ake yi.”

“Wannan ba ya koyuwa,” na ce, kuma da gaske na ɗauka haka ne.

Bayan mako guda ya dawo da zane na biyu. A wani kedai, wato shago, na buga takardu a unguwar Chow Kit aka yi masa da kwamfuta, mai launi, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi. An sa itatuwan da babu su, da mota ja, da wasu Turawa biyu suna yawo da kare a gaban gidan Alhaji. Akwai kibiyar arewa, tana nuna gabas. Akwai adadi a kowane gefe, kuma da na tara su sai na ga Alhaji ya mallaki ƙafa tara na titin gwamnati bai sani ba.

“Wa ya auna?”

“Na faɗa masa a waya, shi kuma ya daidaita.”

Wannan ma mafita ce, ta biyu, kuma ta fi ta farko kyau. Jami'in da zai zo da tef zai kama ƙaryar kafin ya rufe ƙofar motarsa. Na san haka sarai. Amma mutum ya dubi lissafin da bai tashi ba ya kau da kai, wannan horo ne da ban samu ba. Na ce masa gobe da ƙarfe bakwai ya fito, kafin rana ta yi zafi.

Da tef ɗina na ƙarfe muka auna, wanda na zo da shi daga gida a cikin akwati ɗaya da magunguna. Alhaji yana riƙe da kai, matarsa tana riƙe mini lema tana rubuta abin da na faɗa. Mace ce mai tsabtar rubutu, nan da nan na ji ta shiga raina. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, tana kirana Makcik, wato inna a bakinsu, kuma duk lokacin da na yi wa mijinta faɗa sai ta ɓoye baki a bayan littafin.

“Ja, Alhaji. Tef ba rawani ba ne.”

“Na ja, Mama.”

“Cikinsa yana jan ƙasa. Ja.”

“Inci ɗaya ne fa.”

“Inci ɗaya sau goma sha biyu ƙafa ce. Haka aka yi ka ci titi.”

Filin ba murabba'i ba ne, ya tsuke ta gaba ya buɗe ta baya. A bayansa akwai gidan wani tsoho ɗan asalin Sin, wanda ya jera manyan randunan kifi a jikin shingen. Ya fito da gajeren wando ya tsaya yana kallonmu tun daga farko har ƙarshe, da alamar mutumin da ya daɗe bai ga wasa kyauta ba.

Da rana na zauna da kamfas da rula. Na sauke filin a takarda, na ja tazarar da doka ta nema daga shingenmu, daga titi, daga shingen tsohon, na cire inda kwalbati ta bi domin ba a tona a kanta. Da gaɓa uku babu abin da ya rage, ko wurin kafa tsinke. Da na tsaya nan, da ban rubuta wannan labari ba. Amma zanen da aka gwada da tsawo ɗaya kawai rabin aiki ne, saboda haka na cire gaɓa guda a lissafi na sake ja. Tsawon ya koma ƙafa ashirin da biyu har da kan fiffike. Layukan suka haɗu suka bar wani ɗan fili mai kusurwa uku, bai kai tabarma ba, gaba kaɗan da kusurwar kicin.

Na miƙe na je taga. Ba sai na auna ba. Wurin yana tsakiyar kafar da nake hango dutsen.

Washegari Alhaji ya zo jin sakamako.

“To Mama, babu inda zai shiga ke nan?”

“Da tsawonsa na yanzu, babu.”

Da malamin makaranta ne ya ji haka, da sai ya yi godiya ya tafi. Amma ɗan kasuwa wutsiyar magana yake saurare.

“Da tsawonsa na yanzu,” ya maimaita a hankali. “In an rage fa?”

Na bincika zuciyata ko akwai wata ƙaramar ƙarya da ta rage mini daga ƙuruciya. Akwai kaɗan, amma babu wadda ta yi daidai da wurin. Ina iya cewa ban sani ba, alhali takardar tana ƙarƙashin gwiwar hannuna. Ina iya cewa ya koma wurin mai Turawa da kare. Na zaro takardar na ɗora yatsa a kan kusurwa ukun.

“Nan. Da gaɓa biyu. Nan kaɗai.”

“Allah ya saka da alheri, Mama. Bari in kai wa mai kedai ya gyara.”

“Ba za ka kai masa ba.”

Kwana uku na yi ina zanen da tawada. Idanuna ba kamar da ba ne, hannuna kuma yakan yi rawa bayan azahar, saboda haka da safe kawai nake aiki. Ban goge layi ko ɗaya ba. Na sa sikeli, na sa arewa a arewa, na nuna shinge uku da kwalbati da da'irar inda turken zai kwanta idan ya faɗi, kuma da'irar ta taɓa shingen tsohon kamar yadda leɓe yake taɓa kofi, ba ta haura ba. A kusurwar ƙasa ta dama, inda ake rubuta wanda ya zana, na sa hannu. Daga baya na sake sa hannu a ɗaya takardar a matsayin maƙwabciyar da aka nuna wa. 'Yata ta ce a tarihin ƙasar ba a taɓa samun wanda ya kai ƙarar kansa ya kuma tsaya wa kansa shaida da irin wannan ƙwazo ba.

Jami'ar da ofishin ya turo matashiya ce mai gilashi. Ta zo da na'urar awo mai jan haske, ta harba nan ta harba can, tana duba takardata. Duk inda ta harba, adadina ta samu. Da ta gama ta tambayi wanda ya yi zanen, aka nuna ni ta saman shinge. Ta ce rabonta da ganin irinsa tun tsofaffin fayilolin da ke ɗakin ajiyarsu, ta nemi izinin ɗaukarsa hoto ta nuna wa abokan aiki. Na ji daɗi, kuma na ji haushin jin daɗin. Bayan makonni izini ya fito. Ni da kaina na buga ɗan turken katako a inda za a haƙa, na shafa masa jan fenti a ka.

Ranar Asabar da aka sa don haƙa ramin ta zo daidai da taron zumuntar mata a Sri Petaling, kuma ni ce mai karatu, ba halin in ƙi zuwa. Na dawo wajen ƙarfe uku. Tun daga bakin ƙofa na ga abin da aka yi. Magina biyu suna wanke shebur, an zuba kankare, ƙusoshi huɗu na ɗaure turken suna tsaye a cikinsa. Ɗan katakona mai jan kai kuwa yana nan inda na buga shi, ba a taɓa shi ba. Ramin yana can baya da shi, wajen shingen tsohon.

Na shiga ɗaki na zauna a kujerata da jakata a hannu. Na ja layi da ido daga ƙusoshin zuwa sama. Daga inda aka zuba kankaren, turken zai tashi ne a gefe, jikin rufin wancan gidan, inda ba abin da zai tare sai tayal ɗin wasu. Kafar tana nan a buɗe. Dutsen yana ciki, hadari yana taruwa a bayansa.

Na daɗe a zaune. Jami'ar ofishin ta riga ta zo ta tafi. Ba ni na haƙa ba, ba na ma gida. Na gaya wa kaina cewa kuskuren magini ba zunubin mai zane ba ne, kuma wannan gaskiya ce, na sha faɗa wa na ƙasa da ni a ofis. Na gaya wa kaina cewa a garin da ɗankwali ba ya faɗowa daga igiya, ƙarfe ba zai faɗi ba. Sai aka fara iskar nan ta kafin ruwa, na ga rassan mangwaron wani gida suna sunkuyawa har suna sharar rufi. Na cire takalmin fita, na sa silifa, na ɗauki tef.

Alhaji da matarsa suna zaune a baranda. Da ya gan ni da tef sai ya taso da sauri.

“Mama, ba sai kin wahala ba.”

“Riƙe kan.”

Ya riƙe, ya kuma ja sosai ba tare da an ce masa ba. Daga tsakiyar ƙusoshin zuwa shingen tsohon, ƙafa goma sha tara.

“Maginanka sun yi kuskure da ƙafa uku.”

“Ba su yi ba. Ni na ce su matsa.”

“Saboda me?”

Ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙafarta.

“Ita ce ta gaya mini. Ta ce kullum da safe in tana wanke-wanke tana ganinki a taga, ba gidanmu kike kallo ba, dutsen can kike kallo. Jiya ta tsaya a kan katakonki ta waiwaya, ta ga tagarki sak. Ta ce in na kafa shi a nan ba za ta dafa mini abinci ba har wata ya mutu. Mama, ke ma me ya hana ki faɗa?”

Na ji kunya irin wadda rabona da ita tun ina budurwa. Shekara uku ina zaton sirri nake yi, ashe ana kallona ta tagar kicin tare da kwanuka.

“Ba a tambaye ni abin da nake kallo ba. An tambaye ni inda zai shiga.”

“To ga shi ya shiga. Ƙafa uku ce kawai. Yarinyar ofis ta gama nata, ba za ta dawo ba. Tsohon ma na tambaye shi, ya ce boleh, wato ba matsala.”

“Ka gaya masa cewa in ya faɗi, kan fiffiken a randarsa zai sauka?”

“Na gaya masa za mu matso kaɗan.”

“Kifin fa, an tambaye su?”

“Mama.”

“Yana da jikoki, Alhaji. Ran Lahadi suna zuwa su tsuguna a bakin randunan nan, na sha ganinsu. Kuma a kusurwar takardar da ke ofis akwai hannuna a ƙarƙashin ashirin da biyu. Nan goma sha tara ne.”

“Don ke na yi fa.”

“Na sani. Rabon da wani ya yi mini abu mai kyau irin wannan, na manta. Na gode, kuma ka gode mata. Kankaren bai kama ba tukuna. A tone.”

Ya tsaya yana dubana kamar wanda aka mayar wa da tukwici. Matarsa ta faɗi wata doguwar magana da harshensu, ba ta ɗaga murya ba.

“Me ta ce?”

“Ta ce in bar ki. Ta ce irinku ba a yi muku alheri sai an cika fom.”

“Ka ce mata ta fahimce ni fiye da 'yar da na haifa.”

Maginan sun riga sun sa rigunan tafiya. Da aka gaya musu, babban cikinsu ya dubi ramin, ya dubi katakona, ya dube ni, ya ce wani abu da ban nemi a fassara mini ba. Suka cire riguna. A cikin ruwan sama suka kwashe kankaren da shebur tun yana ɗanye, ni kuma ina tsaye ƙarƙashin lemar matar Alhaji, domin tunda an yi sau ɗaya ba na nan, ba za a yi na biyu ba. Tsohon ya fito barandarsa da kofi a hannu. Wannan karon har kujera ya jawo.

A haka 'yata ta dawo daga kasuwa ta same mu. Alhaji ya ba ta labari tun daga farko, har da abin da ban so a faɗa ba. Ta raka ni ɗaki, ta tsaya a bayan kujerata ta sunkuya ta leƙa ta tagar, karo na farko tun da ta kama gidan.

“Wannan ne?”

“Shi ne.”

“Mama, mutum ya ba ki abinki a hannu kin mayar.”

“Ba nasa ba ne da zai bayar. Ƙafa ukun na tsohon ne.”

“Kuma da kin yi shiru tun ranar farko…”

“Na san lissafin. Ni na yi shi.”

Ta kawo mini tawul ta goge mini ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba, ni kuma na bar ta, ko da yake ta fara daga yatsu maimakon daga dunduniya.

Bayan kankaren ya bushe aka ɗaga turken, mutum biyar da igiya. Fari ne, kaurinsa kamar cinyar babban mutum. Ya tashi daidai tsakiyar kafar, kan injin ya zauna a kan ƙololuwar dutsen kamar an gwada masa hula, fukafukan uku suka raba abin da ya saura. Na matsar da kujera hagu, kusurwar kicin ta rufe. Na matsar dama, rufin ya rufe. Abin da nake gani yanzu kafaɗa ce ta nan, kafaɗa ta can, da ɗan fari a ƙarƙashin fiffike idan ya tsaya a karkace.

A makaranta an yi mana alkawarin wata natsuwa da take sauko wa wanda ya yi daidai alhali ba a ganinsa. Na zauna a kujerar na jira ta ranar da aka ɗaga turken, na jira washegari. Shekara guda ke nan da wata biyu. Ina kyautata zaton Sista ma labari ta ji.